Zafin Ɗaki da Zazzaɓin Batir

A wata unguwa ta Garwa, daura da kogin Binuwai, akwai wani dattijo mai kantin magani da ya ɗora faifan sola a rufin shagonsa. Wutar arewacin Kamaru ta daɗe tana dogaro da madatsar ruwa ta Lagdo, wadda aka kammala a 1982, kuma in ruwa ya ja baya da rani, wutar ma takan yi ƙaranci. Shi kuwa firjinsa cike yake da insulin, maganin da zafi ke lalatawa. Sai ya jera batura huɗu masu volt 12 a ƙuryar shago, ya rataye ma'aunin zafi a bango, yana duba shi kowace asuba.

A bazara ta biyu baturan suka kumbura, firji ya mutu cikin dare. Washegari ya zubar da maganin da hannunsa, ya sallami masu ciwon suga hannu rabbana.

Saurayin da ya zo gyara ya dubi bangon, ya ce, "Baba, in yaro ya yi zazzaɓi, bango kake taɓawa ko goshinsa?"

Dattijo ya yi shiru, domin ya gane. Batir na dalma da ruwan asid abu ne mai nauyi, ba ya saurin ɗaukar zafi, ba ya saurin sakinsa. Da asuba iska ta huce, amma cikinsa na riƙe da zafin jiya. Da damina hadari kan sanyaya gari cikin sa'a guda, shi kuwa yana nan yadda yake.

Akwai kuskure na biyu. An saita injin cajin ne da hunturu, lokacin da daren Garwa kan sauka ƙasa da digiri 20, aka bar shi haka har Maris da Afrilu, watannin da rana ke haura 40. Masu ƙera batir kan auna ƙarfinsa a digiri 25, kuma kowane ƙarin digiri 10 kan cinye kusan rabin kwanansa. Batir mai zafi yana bukatar a sassauta masa caji. A jeri irin wannan mai volt 48, ƙarin digiri 15 na nufin ragin fiye da volt ɗaya. Da ba a rage ba, caji ya yi ta dafa shi.

Da aka kawo sababbi, saurayin ya manna ƙwayar ma'auni a gefen batir na tsakiya, ya rufe ta da soso don kada iska ta ruɗe ta, ya haɗa wayarta da injin caji. Ya bar tazarar yatsa biyu tsakanin batura, ya fasa taga.

Yanzu dattijon yana da littafi mai layi biyu. A kan na farko ya rubuta "zafin ɗaki". A kan na biyu, da yake shi mai magani ne, ya rubuta "zazzaɓi", yana cika shi da asuba, da azahar, da bayan isha'i.