Jinya da Haruffa Masu Ƙugiya

Duk wanda ya koyi gaisuwar Hausa ya san amsar da ake bai wa mai dubiya. Idan aka ce wa majinyaci "Yaya jiki?" sai ya ce "Da sauƙi," ko da kuwa bai runtsa ba daren jiya. Mai koyon harshe yakan ɗauka bayani ne aka yi masa a kan ciwon, alhali ladabi ne da kyakkyawan fata, da kuma gudun kai ƙarar Ubangiji wurin bayinsa. Saboda haka mai son sanin ainihin halin majinyaci sai ya dubi abin da hannunsa ya iya yi yau wanda bai iya ba makon jiya.

Wani malamin Hausa a Damagaram ya shafe watanni yana ba da wannan amsa. A tsakiyar bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a inuwa, ya tashi da asuba ya ji hannunsa na dama ya ƙi ɗaukar buta. Matarsa ta ga gefen bakinsa ya karkace, ta yi masa magana ya amsa da abin da ba ta gane ba. Maƙwabta suka ɗauke shi zuwa asibiti kafin rana ta fito. Hoton ƙwaƙwalwa ya nuna gudan jini ne ya toshe wata jijiya a ɓangaren hagu, bayan shekaru na hawan jinin da ba ya ba da alama. Jijiyoyin ƙwaƙwalwa suna gicciyewa kafin su sauka cikin jiki, don haka raunin hagu a dama yake bayyana. A wannan ɓangaren ne kuma mafi yawan mutane suke da cibiyar magana, wadda likitan nan na Faransa, Paul Broca, ya yi bayaninta a 1861. Ciwo ɗaya ya taɓa hannun da malamin ke rubutu da shi, ya kuma taɓa kalmomin da yake rubutawa.

Wannan na biyun ya fi yi masa nauyi. Fiye da shekara 10 ya yi yana tara kalmomin sana'o'in garinsu, musamman na majema da dukawa, yana rubuta kowace da ma'anarta da misalinta da fassararta a Faransanci. Ya haɗa har da kalmomin aro irin su lakwal da mushe, waɗanda suka shigo Hausar Nijar daga Faransanci, kuma mai neman su a ƙamus na Bargery na 1934 zai sha wahala. Mutumin da ya yi wannan aiki sai ga shi yana kallon cokali ya san abin da ake yi da shi, sunan kuma ya ƙi zuwa. Sai ya ce, "Miƙo mini abin nan na shan kunu." Matarsa takan miƙa masa ta ce, "Cokali, Malam," kamar ba komai ba, shi kuma ya maimaita a hankali.

Da aka sallame shi, kwanakinsa suka koma bisa tsari ɗaya. Da asuba a auna jini a rubuta a littafi, burin likita shi ne ya tsaya ƙasa da 140 bisa 90. Sai magani, sai karin kumallo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada gishirin babban mutum ya kai giram 5 a yini, wato ƙasa da ƙaramin cokalin shayi, don haka aka rage gishiri da dunƙule a tukunyar gidan baki ɗaya, daddawa da albasa suka ɗauki nauyin miya. Da hantsi mai gashin ƙashi yakan zo, ya miƙe masa yatsu, ya sa shi tsince wake daga faifai zuwa kwano da hannun da ya shanye. A makon farko ƙwaya 6 ya iya tsincewa kafin gumi ya karyo masa. Da la'asar kuma tafiya ce, daga bakin gado zuwa ƙofar ɗaki, bayan kwanaki zuwa zaure, bayan makonni zuwa masallacin unguwa da sanda a hannun hagu. Likita ya gaya wa iyalin cewa watanni 3 zuwa 6 na farko su ne lokacin da jiki ya fi saurin dawowa, domin ƙwaƙwalwa tana buɗe sababbin hanyoyi a kewayen wurin da ya lalace, kuma maimaici ne ke ƙarfafa su. Hausawa sun riga sun ce cuta farat ɗaya take shiga, sauƙi sai a hankali.

Duk tsawon damina kwamfutarsa tana cikin jaka a kan kabad, ba wanda ya ambace ta. Ita ma ta tsufa. Nauyinta ya fi ƙarfin hannu ɗaya, batirinta ya mutu tun tuni, da zarar an ɗauke wuta sai ta ɗauke tare da abin da ba a adana ba. Rumbun ajiyarta irin na da ne, mai faifai da ke juyawa a ciki, ga shi ya fara wata ƙara da ba ya yi a baya. Ƴarsa ta fari, wadda ke karatu a Yamai, ita ta kunna ta da ta zo hutu. Da ta ji ƙarar, ba ta kwanta ba sai da ta kwashe dukan fayilolin zuwa filas guda biyu. Ta kuma yi wa mahaifiyarta bayani cewa kamfanin Microsoft zai daina aiko wa Windows 10 gyaran tsaro daga ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma wannan na'ura ba za ta ɗauki Windows 11 ba, domin ba ta da ɗan guntun tsaron da ake kira TPM 2.0.

Maganar sayen sabuwa ta zo a lokacin da kuɗin magani ya riga ya ci abin da aka ajiye. Ƙanin malamin ya faɗi abin da wasu ke rayawa a zuci: "Yaya, ka bari ka ga yadda jikin zai yi tukuna." Maganar tana da hujja, domin ba wanda ya san ko hannun zai dawo. Malamin ya yi shiru, ya daɗe yana neman kalmar da zai amsa da ita. Matarsa ce ta raba gardama. Ta ce idan aka jira hannu ya warke kafin a ba shi aiki, to da me zai warke? Ta sayar da tumakinta biyu, abokan aikinsa suka yi karo-karo, aka ba wani ɗan kasuwa mai zirga-zirga zuwa Kano saƙo.

Wadda aka kawo ta hannu ce, amma mai kyau. Ba ta kai nauyin tsohuwar ba, yana iya ɗaga murfinta da hannun hagu. Rumbunta na zamani ne, marar faifai, ba abin da ke motsi a cikinsa, don haka takan tashi cikin daƙiƙu kaɗan, kuma girgiza ba ta cutar da ita kamar tsohuwar. Batirinta yana ɗaukar aikin safiya guda. Sai dai ta zo da abin da ba wanda ya yi tunaninsa. Kwamfutocin da aka saba da su a Nijar jerin madannansu na Faransa ne, wanda ya fara da AZERTY, ita kuwa wannan na Ingilishi ne, QWERTY. Inda yatsansa ya saba samun a, yanzu q ke wurin. Inda w yake, z ya zauna. Harafin m ya sauka daga gefen l zuwa layin ƙasa. Hausa kuwa da wuya a rubuta kalma biyu a cikinta ba a taɓa a ba. Abu na farko da ya rubuta shi ne baba, abin da ya fito a fuskar na'urar kuwa bqbq. Matarsa ta ce tun da ya kwanta ba ta ji ya yi dariya irin ta wannan rana ba.

Ƴar ta ce ana iya umartar na'urar ta koma jerin Faransa. Ya ƙi. A da yana bugawa ba tare da ya kalli madannai ba, yanzu kuwa da yatsa ɗaya yake bi yana duba kowane harafi, don haka gara abin da ke rubuce a kan madanni ya zama shi ke fitowa. Ya kuma gano wata riba: a jerin Faransa sai an haɗa da Shift kafin a sami lambobi, a wannan kuwa dannawa ɗaya ce, kuma kowace kalma a tarinsa tana da lamba. Ta kunna masa wani tsari da ke cikin Windows domin masu hannu ɗaya. Idan aka danna Shift sau 5 a jere yakan buɗe, daga nan madannin ya riƙa jiran na biyu, ba sai an haɗa su lokaci guda ba. Ta kunna wani kuma da ke sa na'ura ta yi biris da maimaicin da rawar yatsa ke jawowa.

Babban aikin ya bayyana da aka buɗe tarin kalmomin. Inda ya rubuta ƙasa sai ga çasa, inda ya rubuta ɗaki sai ga èaki. Dalilin ya shafi duk mai rubuta Hausa a kwamfuta. A shekarun baya, marubuta da yawa sun yi amfani da wasu zane-zanen haruffa na musamman, waɗanda aka ɗauki gurbin wani harafi aka zana ƙ ko ɗ a kansa. Ido yana ganin ƙ, amma abin da na'ura ta adana ç ne. Muddin zanen yana cikin kwamfutar ba a ganin matsala, ranar da fayil ya koma wata na'ura sai asiri ya tonu. Tsarin Unicode ne ya magance wannan, domin ya bai wa kowane harafi lambarsa ta dindindin: ɓ yana da U+0253, ɗ yana da U+0257, ƙ yana da U+0199, ƴ kuma, wanda ƙa'idar rubutun Nijar ta 1999 take amfani da shi a inda Nijeriya ke rubuta 'y, yana da U+01B4. Harafin da aka rubuta ta wannan hanya ba ya sauya kama ko a waya ko a intanet. Wanda ya ga ƙugiya kamar ado ce, ya gwada cire ta daga ƙafa ya ga ta koma kafa, daga ƙasa ta koma kasa, daga baƙi ya koma baki.

Ƴar ta saka masa manhajar Keyman domin ya riƙa samun haruffan kai tsaye. Ta kuma nuna masa cewa gyaran tsofaffin shafuka aikin maraice ɗaya ne: a umarci na'ura ta nemo kowane ç da ke cikin tsohon zanen ta musanya shi, ta bar na fassarar Faransanci yadda yake. Ta yi hakan a gabansa, ta adana gyararren kwafi a filas. Ya karɓa ya sa a aljihu, sa'an nan ya ce, "Madalla. Yanzu buɗe mini wancan, marar gyaran." Ta ce, "Baba, ai an gama." Ya ɗaga hannun damansa da na hagu ya ɗora shi a kan madannai ya ce, "Wannan bai gama ba."

Tun daga ranar aikin ya shiga tsarin yini, tsakanin tsintar wake da azahar. Yakan nemo harafin da ya lalace, ya goge shi da hagu, ya buga sahihin da manuniyar dama, sa'an nan ya karanta kalmar da ma'anarta a bayyane. A farko layi 4 yake yi kafin kafaɗa ta gaji. Akwai ranakun da hannun yake yin nauyi kamar an ɗaura masa dutse, ya rufe na'urar bai gyara ko ɗaya ba, ya juya fuska bango, gidan ya yi tsit. Washegari matarsa takan ajiye masa ita a kan tabarma ba ta ce komai ba. Akwai kuma ranar da ya iso kan ƙirgi, ya karanta cewa jemammiyar fatar sa ce, sai ya tuna tsohon majemin da ya ba shi kalmar, da warin ramin jima, da ƴaƴan bagaruwa da aka baza a rana. Ya kira matarsa ya ba ta labarin tun daga farko har ƙarshe, bai tsaya neman kalma ba sai sau biyu.

Da sanyi ya shigo ya ajiye sanda a cikin gida, ko da yake yana ɗaukarta idan zai fita. Rubutunsa da alƙalami bai koma yadda yake ba, sa hannunsa ma sai da aka sake ɗauka a banki. Idan ya gaji, sunayen mutane sukan ɓace masa. Ɗalibansa biyu suna zuwa ranar Asabar, yana duba musu babi-babi na kundinsu a sabuwar kwamfutar, kuma abin da ya fara sa su yi shi ne su tabbatar haruffansu na Unicode ne. A tarin kalmomin ya wuce ɓ da ɗ, yana tsakiyar ƙ, wanda ya fi su yawa. Yanzu yakan yi shafi guda a zama ɗaya, kuma yatsa na biyu na hannun dama ya fara shiga aikin.