Kakar 2011 a Baton Rouge

Karatun digiri na biyu ne ya kai ni jami'ar LSU da ke Baton Rouge, a jihar Luwiziyana. Da farko ban ga abin kallo a ƙwallon Amurka ba: ƙarti da hular kwano suna bangazar juna, a busa usur, a tsaya, a sake. Wani dattijo baƙar fata, maƙwabcina, wanda ya taɓa horar da yaran sakandare, shi ya ce in daina bin ƙwallo da ido. "Dubi 'yan baya," in ji shi, "can ake yin ta."

'Yan bayan nan aikinsu hana mai jifa ya sada ƙwallo da masu cafka. Aiki ne na wahala, domin mai cafka ya san inda za shi, mai tsaronsa kuwa bai sani ba, ga shi da baya-da-baya yake fara gudu. A shekarar 2011 LSU na da irinsu har da na kyauta. Morris Claiborne, ɗan Shreveport, shi ya karɓi kyautar Jim Thorpe ta gwanin 'yan baya, wadda Patrick Peterson ya ɗauko wa makarantar a 2010. Ga Eric Reid. Ga kuma Tyrann Mathieu, ɗan New Orleans, gajere, fitinanne, wanda ba ya jiran a jefo ƙwallo, daga hannunka zai fizge ta.

John Chavis, mai tsara tsaron LSU a lokacin, yakan bar na gefe su yi mutum-da-mutum, kowa ya riƙe nasa, sauran kuma ya sake su su afka wa mai jifa. Nick Saban, mai horar da Alabama a lokacin, tasa dabarar ta fi sarƙaƙiya. Tun yana aiki da Bill Belichick a Cleveland Browns, farkon shekarun 1990, suka ɓullo da ita: za ka tsaya kamar mai gadin shiyya, sai mai cafka ya nuna inda ya dosa, sannan ka manne masa. Mutanen Baton Rouge ba sa son jin sunan Saban. Shi ya ciyo musu kofin ƙasa na 2003, daga baya sai ga shi a gidan abokan gaba.

Ranar 5 ga Nuwamba LSU da Alabama suka haɗu a Tuscaloosa. A falon dattijon muka kalla, matarsa ta ajiye mana tukunyar gumbo, miyar da ta tuna mini da kuɓewar gida. Har aka tashi ba wanda ya kai ƙwallo ƙarshen fili. LSU ta ci 9 da 6 bayan ƙarin lokaci, duk da bugun ƙafa. Wasu sun ce wasan ba armashi. Ni dai har yau ina ganin Reid a sama, dab da layin ci, yana ƙwace ƙwallo daga hannun Michael Williams na Alabama kafin su faɗo ƙasa. Dattijo ya miƙe tsaye da cokali a hannu.

Shi kuwa bai cika yabon masu horarwa ba. A ganinsa, kuma na yarda da shi, duk zanen da za a yi a allo banza ne idan yaron ba shi da gudu, dogon hannu da ƙugu mai saurin juyawa. Waɗannan ba a koyar da su, nemo su ake yi. Neman kuwa sai ka ce na aure: zarya gidan iyaye, zama a falo, yabon girkin uwa, alkawura, har zuwa Larabar farko ta Fabrairu da yara ke sa hannu a wancan lokacin.

A farkon Janairun 2012 Landon Collins, ɗan bayan da kowa ke rububi, daga sakandaren Dutchtown inda Reid ya yi, ya zauna gaban kyamarar ESPN ya ce Alabama za shi. Mahaifiyarsa na gefensa, ta ɗaure fuska, ta ce ita LSU take so. Dattijo ya kashe talabijin bai ce uffan ba. Kwanaki kaɗan bayan haka, ranar 9 ga wata, Alabama ta lallasa LSU 21 da nema a wasan ƙarshe a New Orleans, kuma sau ɗaya tak LSU ta tsallake tsakiyar fili.