Daga Gidan Makama Zuwa Laburaren Murtala: Yini Guda da 'Yata

Yau yawo za mu fita da ke, amma ba nisa za mu yi ba, a cikin Kano za mu tsaya.

Abin da ya fitar da ni shi ne babbar 'yata, wadda ke aji biyu na babbar sakandare. An ba su aikin gida a kan Sarki Muhammadu Rumfa, ta ɗauki wayata ta kwafe abin da ta gani a intanet, ta kai. Malaminsu ya dawo musu da takardun, domin kusan rabin ajin kalma ɗaya suka rubuta. Da na tambaye ta wane ne Rumfa, sai ta ce, "Umma, ba sunan makaranta ba ne?" Na yi dariya, amma abin ya tsaya mini a rai. Yarinyar da aka haifa a Kano, saura shekara guda ta zauna WAEC da NECO, ba ta san wanda ya gina gidan sarautar garinsu ba. Laifin ma ba nata ba ne ita kaɗai. A baya an yi shekaru ba a koyar da tarihi a matsayin darasi mai zaman kansa a firamare da ƙaramar sakandare, mu kuma iyaye mun bar wa waya aikin. Na ce mata ta shirya, gani ya kori ji.

Gidan Makama muka fara zuwa. Idan kin san Ƙofar Kudu ta gidan Sarki, to kin iso, yana nan kusa. Tun daga zaure za ki ji iska ta sauya. A waje rana na dukan mutum, a ciki kuwa sanyi kamar na randa. Ki sa yarinyarki ta dafa bango ta ji kaurinsa, sannan ta ɗaga kai ta dubi rufin azara da bakan gizon da ya tallafe shi. Ginin ƙasa mai kauri yakan daɗe bai ɗau zafi ba, sai dare ya yi ya saki wanda ya ɗauka. Darasin kimiyyar da take haddacewa a littafi ke nan, ga shi a tafin hannunta.

Masana tarihi sun ce an gina gidan ne domin Rumfa tun yana riƙe da sarautar Makama, kafin ya hau gadon mulki a 1463. Ya yi sarauta har 1499. A zamaninsa aka gina Gidan Rumfa da sarakunan Kano ke zaune a ciki har gobe, aka kafa kasuwar Kurmi, aka faɗaɗa ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara tun ƙarni na 12. A zamaninsa ne kuma Shehu Magili ya zo Kano, ya rubuta masa littafi a kan yadda ya kamata shugaba ya riƙe jama'a. Da Turawa suka ci Kano a 1903 sun yi amfani da gidan wajen tafiyar da mulkinsu, daga baya wani sashe ya zama makaranta. Yanzu yana hannun hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa.

Kada ki yi sauri a ɗakunan. Akwai tsofaffin ƙyauren ƙofofin gari, masu nauyin da sai ƙarti sun haɗu kafin su tura. Akwai taswirar ganuwa da ƙofofinta, inda 'yata ta tsaya tana neman unguwarmu da yatsa, har ta gano cewa a da can bayan gari muke. Akwai kayan yaƙi, da kayan kiɗa, da na sana'o'i irin su ƙira da saƙa da jima. Akwai hotunan sarakuna da na zuwan Turawa. A gaban waɗannan ne mai yi mana bayani ya ba ta labarin Sarki Alu, wanda ba ya gari lokacin da aka ci Kano, aka kama shi daga baya, ya ƙare rayuwarsa a Lakwaja. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Umma, wato bai sake ganin gida ba?" Wannan ce tambaya ta farko da na taɓa jin ta yi a kan tarihi ba don jarrabawa ba.

Inda aka nuna ɗakin amarya irin na da kuwa, ni ce na zama mai bayani. Na nuna mata jeren kwanuka da ƙore, na gaya mata yadda kakarta ta jera nata. Ke ma za ki tarar da abin da kika fi kowa sani a wurin, kuma yaro ba ya manta abin da ya ji daga bakin uwarsa.

Bayan azahar muka shiga adaidaita sahu zuwa Nasarawa, laburaren Murtala Muhammad da ke titin Ahmadu Bello. Abin da za ki fara lura da shi a nan shi ne shiru. Ki tuna gidanki da yamma: ƙanne na guje-guje, talabijin na yi, ana aiken yarinya sayen magi tana tsakiyar lissafi. Da yawa daga yaranmu ba ƙwaƙwalwa suka rasa ba, wurin zama na awa biyu ba tare da an kira sunansu ba suka rasa. A zauren karatu mun tarar da samari da 'yan mata sa'o'inta, kowa da littafin tambayoyin jarrabawar baya a gabansa. Ganin su kaɗai ya sa ta gyara zama.

Abu guda ki tabbata ta koya kafin ku fito: yadda ake neman littafi. A yawancin laburaren jama'a da lamba ake jera su. Na kimiyya suna layin 500, adabi 800, tarihi da labarin ƙasa 900. Manyan ƙamus da kundin bincike a nan ake karanta su, ba a fita da su. Kuma ki cire mata kunyar tambayar ma'aikaci, aikinsa ke nan. Wanda ya iya wannan tun yana sakandare ba zai ruɗe ba ranar da ya shiga jami'a.

Ga sunayen da na rubuta mata a takarda ta riƙa nema, a laburare ko wajen masu sayar da littattafai. Don tarihin gari, Kano ta Dabo Cigari na Alhaji Abubakar Dokaji. Don adabi, Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Ta yi mamakin jin cewa Firayim Ministan Nijeriya na farko marubucin labari ne. Waɗannan ba a madadin littattafan makaranta suke ba. Amfaninsu shi ne su saba wa yaro da zama a kan shafi har ya ƙare, kuma wannan juriyar ita ake buƙata a ɗakin jarrabawa.

Idan kina da sauran ƙarfi, Gidan Ɗan Hausa ma a Nasarawa yake. Nan Hanns Vischer ya zauna, Baturen da ya buɗe makarantar boko ta gwamnati a Kano a 1909. Mu dai mun bar shi sai wani hutun, ƙafafuna sun ce sun gaji.

Kafin ki fita, ki riƙe 'yan kuɗin shiga da na mota, da ruwan sha, da littafin rubutu da biro. Ki tambayi ranaku da lokutan buɗewa tun daga gida. A gidan tarihi ki nemi izini kafin ɗaukar hoto. Wayar kuma ta zauna a jakarki, domin idan tana hannun yarinya, hotuna za ta ɗauka ta fito ba ta ga komai ba. In ba a Kano kike ba, Kaduna na da Gidan Arewa, Katsina na da Hasumiyar Gobarau, Sakkwato na da Hubbaren Shehu. Ki haɗa da 'ya'yan maƙwabta, tafiyar ta fi daɗi.

A daren nan 'yata ta sake rubuta aikinta da hannunta, shafi biyu. Akwai kurakurai a ciki, na gani, ban gyara mata ba. Da ta gama sai na ji tana gaya wa ƙannenta cewa gidanmu a bayan ganuwa yake, su kuma suna musu. Asabar mai zuwa da su za mu koma.