Ƙofofi biyu na kawuna

Da aka gama sadakar bakwai ta kawuna a Tibiri, 'ya'yansa suka buɗe akwatin ƙarfen da yake ajiye takardu, suka kira ni in karanta musu, tunda ni ne mushen gidan. A ƙarƙashin takardun gona na tarar da tsofaffin tikitocin jirgi ɗaure da roba, da katuna uku na tara maki, irin waɗanda kamfanonin jirage ke ba mai yawan tafiya.

Kawu fataucin fata yake yi. Fatar jar akuyar Maraɗi tana da daraja a Turai, shi ya sa yakan tafi sau biyu ko uku a shekara ya gana da masu saye. Ni kuwa ban taɓa hawa jirgi ba. In Yamai za ni, kar nake shiga da asuba, in sauka da yamma da ciwon baya.

Abin da yawancin mutanen Yamai ba su gane ba game da Maraɗi shi ne, ƙofofi biyu gare mu. Ɗaya Yamai ce, fiye da kilomita 600 a yamma. Ɗayar Kano ce, ta Ɗan Isa da Jibiya da Katsina, kuma ta fi kusa nesa ba kusa ba. A da, a Yamai akwai UTA da Air Afrique, wanda ƙasashen Afirka 11, har da Nijar, suka kafa a 1961. A lokacin, a Kano akwai KLM na ƙasar Holan. Kawu ya san amfanin wannan kamar yadda ya san farashin ƙirgi. In mai sayar da tikiti ya tsaya a kan kuɗi, sai ya miƙe ya kaɗe babbar riga ya ce, "To, Kano ba nisa." Ya ce sau da yawa kafin ya kai bakin ƙofa an kira shi.

Ƙofofin ba rana ɗaya suka haɗe ba. A 1990 Air France ya sayi UTA, ya kuma gaji hannun jarinsa a cikin Air Afrique, wato abokin gasarka yana zaune a teburin da kake yanke shawara. A 2002 bashi ya kayar da Air Afrique. Sai a 2004 Air France ya haɗiye KLM, ko da yake an bar wa kowane sunansa da fentinsa. Shekarar ce na fara koyarwa a Jiratawa, kuma na tuna ranar da kawu ya biyo ta lakkol ɗinmu a kan hanyarsa ta sayen fata. Na ba shi labarin da na ji a rediyo. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ɗana, ashe yanzu in na yi fushi da miji, gidan ƙanensa zan yi yaji."

Gaskiya sai a faɗe ta, da farko ya ji daɗi. A 2005 aka haɗe katunan kamfanonin biyu suka zama guda, Flying Blue. Makin da ke warwatse wuri biyu ya taru wuri ɗaya, ya yi kauri. To amma daga nan na ga kawu ya canza. Mutumin da ke zagaya kasuwa sau uku a kan dala biyar ya daina tambayar farashi a wani wuri. Ko da aka gaya masa cewa ta Kasablanka ya fi sauƙi, sai ya ce makinsa fa? Ba wanda ya tilasta shi. Ni dai a ganina maki bashi ne da ba shaida: wanda ake bi shi ke faɗin nawa ya rage, shi ke faɗin ranar da zai lalace, kuma mai bin bashin ne ke tsoron ɓata masa rai.

Abokan aikina sukan ce wannan damuwar alhazai ce, ina ruwan mai jiran albashi. Ban yarda ba. Kuɗin tikitin kawu daga jikin fata yake fita, fatar kuma daga hannun matar ƙauye da ta yi kiwon akuyar. In tafiya ta yi tsada, ita ake rage wa jikka guda.

KLM ya bar Kano a 2012. Air France ya dakatar da zuwa Yamai a watan Agusta na 2023, bayan juyin mulki. Yau ɗan kawu da ya gaji sana'ar ta Istambul ko Adis Ababa yake bi, yana gwada farashi a waya, ba ya riƙe katin kowa.

Makin nan da kawu ya ƙi taɓawa, ni yake tara wa. Ya sha ce mini sai ya kai ni na ga Faris ɗin da nake koya wa yara a littafi. Ciwon ƙafa ya zaunar da shi shekaru, tafiya ta tsaya. Da na nemi 'ya'yan su bar mini katin, babban ya ce, "Yaya, me za ka yi da shi?" Yana cikin rajistar ajina, da shi nake gane shafin da na tsaya.