Fijon Baba da maganar taimin

Yau ba maganar kasuwa zan yi ba, maganar tsohuwar mota ce, don na san akwai gidaje da yawa a cikinmu da har yanzu ake ajiye da Peugeot 504, wadda muke kira Fijo, wasu tana tafiya, wasu an ɗora ta a kan duwatsu kaji na kwana a ƙarƙashinta.

A Faransa aka fara ƙera wannan mota a 1968, daga baya aka riƙa haɗa ta a Kaduna, a kamfanin da ya fara aiki a 1975. Ta Babanmu tun kafin a haife ni ya saye ta, kuma da ita ya yi shekaru yana bin ƙauyuka sayen goro. Kwanakin baya sai ta soma ba mu ciwon kai. In za ta hau tudun Mokola sai ka ce jaki aka yi wa lodi, ga zafi, ga harbi ta salansa, ga shan mai, alhali kowa ya san yadda fetur ya koma tun da aka cire tallafi a 2023. Wani matashin bakanike ya canza fulogi, ya wanke kafireta, da abin ya ƙi sai ya ce sai an sauke inji. Kuɗin da ya yanka ya sa Baba ya fara zancen kiran 'yan gwangwan su auna ta a kilo.

Na ce, "Baba, ku yi haƙuri a ba ni kwana biyu." Sai na kai ta wurin wani dattijo Bayarabe da ya tsufa a gyaran Fijo. Ya sa na tayar da ita, ya kasa kunne, ya ce, "Ɗan Alhaji, injin nan lafiyarsa lau, wuta ce ke makara."

Ga abin da na koya a wurinsa. Dole fulogi ya ba da wuta daf da lokacin da fistin zai kai ƙarshen hawansa, saboda man yana ɗaukar ɗan lokaci kafin ya gama ci. Wannan shi ne taimin. In wutar ta makara, ƙarfin ya tafi a banza, inji ya yi zafi, mai ya ƙone ba aiki. In kuma ta yi gaggawa, za ka ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani idan ka taka totur a kan tudu, wani lokaci ma injin ya riƙa turjewa wajen tashi, kuma in aka bar shi haka yana iya cin fistin.

A tsohuwar mota distiributa ke raba wutar nan, kuma a cikinta akwai kwantak mai buɗewa da rufewa. Ɗan dunduniyar da ke tura kwantak ɗin yana cinyewa a hankali, tazarar ta ragu, sai wuta ta riƙa makara ba tare da kowa ya taɓa komai ba. Shi ya sa dattijon ya fara da sa sabon kwantak, ya auna tazararsa ta zama milimita 0.4, ya ce duk wanda ya juya distiributa kafin ya gyara tazara aikin baban giwa ya yi. Daga nan ya juya injin da hannu har ya zo kan alamarsa, ya haɗa ɗan ƙwan fitila da waya, ya kunna makulli, ya sassauta distiributar yana murza ta kaɗan-kaɗan. Fitilar na kamawa ya ɗaure, don a daidai nan kwantak ya buɗe. Ya kuma tsotsi siririn tiyon da ya zo daga kafireta ya ga farantin ciki yana motsi, ya ɗiga mai a ƙarafunan da ke gaggauta wuta idan inji ya ɗau gudu.

Ya ja mini kunne a kan abu guda: jerin wutar 1-3-4-2 ne, amma a Fijo silinda ta ɗaya ita ce ta wajen giya, ba ta wajen lagireto ba. Wanda ya saba da motar Japan yana iya ƙirgawa a baibai. Ko awa ɗaya ba a yi ba muka hau tudun nan da giya ta uku, kuma abin da na biya bai kai kuɗin fulogin da aka canza ba. Baba da ya ji sautinta murmushi kawai ya yi, ya ce a cika mata tanki.

Abin da ke damuna shi ne dattijon nan ba shi da yaro ko ɗaya da ke koyon wannan aiki, duk sun koma wajen masu duba mota da kwamfuta. Mu kuma 'ya'yan 'yan kasuwa mun iya lissafin huhun goro, amma buɗe bonet sai mu ga kamar ba namu ba ne. Ni dai yanzu duk Asabar in na tashi daga rumfa can nake zuwa in riƙe masa sifana. Wanda ke da irin motar nan a gida, kafin ya yarda a sauke inji ko a kira 'yan gwangwan, ya nemi tsohon hannu ya duba masa taimin tukuna.

Allah ya tsare mana hanyoyinmu, ya ƙara wa iyayenmu lafiya, amin. Sai mun sake haɗuwa.