Fina-finai Uku da Na Fi So

Cikin masu shirya fina-finai na ƙasar Italiya, babu wanda aikinsa ya shiga raina kamar Vittorio De Sica. An haife shi a 1901, ya rasu a 1974. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, talauci da rashin aiki sun addabi Italiya. De Sica da abokin aikinsa, marubuci Cesare Zavattini, suka fito da kyamara kan titi. Sau da yawa sukan ɗauki mutanen da ba su taɓa yin wasa ba, su ba su babban matsayi a fim.

Na farko a wurina shi ne Ladri di biciclette, wato Ɓarayin Keke, na shekarar 1948. Wani magidanci mai suna Antonio ya sami aikin liƙa takardun talla a birnin Rum, amma sai da keke. Matarsa Maria ta jinginar da zannuwan gadonsu, suka karɓo kekensa da ke hannun masu jingina. Ranar da ya fara aiki aka sace keken. Shi da ɗansa Bruno suka yi ta yawon nema, ba su samu ba. Da abin ya ishe shi, sai ya yi ƙoƙarin satar keken wani, aka kama shi a gaban ɗansa. Mai keken ya dubi yaron, ya yafe masa. Bruno ya kama hannun mahaifinsa, suka shige cikin jama'a. Lamberto Maggiorani, wanda ya fito a matsayin Antonio, ma'aikacin masana'anta ne.

Na biyu shi ne Umberto D. na 1952. Labarin wani tsoho ne da ya yi ritaya daga aikin gwamnati. Kuɗin fanshonsa ba ya isar haya, kuma ba shi da abokin zama sai karensa. Akwai wurin da ya miƙa hannu zai yi bara. Da wani ya zo zai ba shi, sai kunya ta kama shi, ya kife hannun kamar mai duba ko ruwa zai sauko. Ban taɓa ganin an nuna mutuncin talaka da ƙaramin motsi irin wannan ba.

Na uku shi ne Sciuscià na 1946. Yara biyu masu goge takalma suna tara kuɗi domin su sayi doki. Manya suka jefa su cikin harkar kayan sata, aka kai su gidan yari na yara. A can abotarsu ta lalace.

Abin da ya haɗa fina-finan nan uku shi ne tambaya guda: me talauci yake yi wa mutumin kirki? De Sica bai ce sata daidai ce ba. Ya nuna mana hanyar da ta kai Antonio ga yin ta, ya bar mu mu yi hukunci. Hausawa na cewa wanda ya ƙoshi bai san da mai jin yunwa ba. Saboda fina-finan nan, idan na ga tsoho a layin karɓar fansho, ko yaro yana goge takalma, nakan tuna cewa kowannensu yana da labari, yana kuma da mutuncin da yake ƙoƙarin karewa.