Azahar a Kurduba

A wata unguwa ta birnin Zariya akwai wani malami wanda ya shekara wajen arba'in yana jan Ishiriniya kowane watan Maulidi. Ya san mai waƙar, watau Alfazazi, haifaffen Kurduba ne, amma a zatonsa Kurduba gari ne na cikin littafi kawai, kamar biranen Adawa da Samudawa. Sai da ɗansa ya tafi karatu ƙasar Sifen, ya aiko masa da kuɗin jirgi, sa'an nan ya tabbata garin yana nan, mutane suna ciki suna harkokinsu.

Daga Madrid jirgin ƙasa ya kai su, tafiyar kamar sa'a biyu. Suka fara da bakin kogi. Da Malam ya ji mutanen garin suna kiran kogin Guadalquivir sai ya yi murmushi, ya ce, "Ai Wadil Kabir ke nan, harshe ne ya karkace." Suka bi ta kan gadar da Rumawa suka kafa tun kafin bayyanar Musulunci, suka ga gunkin Ibn Rushd, alƙalin nan masani da aka haifa a garin cikin 1126. Watan Mayu ne kuwa, lokacin da masu gida su kan buɗe tsakar gidajensu, baƙi su shiga su ga furanni rataye a bango.

Abin da ya kawo Malam dai babban masallaci ne. Sarki Abdurrahman na Farko shi ya aza harsashinsa cikin 785, waɗanda suka biyo bayansa suka yi ta ƙari har wajen shekara 200. Ginshiƙan da ke tsaye a ciki sun fi 800, a kansu akwai bakan gizo hawa biyu, ja da fari, iyakar ganin ido. Malam ya tuna da bakan gizon da Babban Gwani ya ɗaure a masallacin Jumma'a na Zariya, ya ce gwani duk inda ya ke gwani ne. A gaban mihrabin da Halifa Alhakam na Biyu ya gina ya tsaya, ya karanta ayoyin da aka rubuta da ruwan zinariya, harafi bayan harafi.

To, amma tun 1236, sa'ad da Sarki Fernando na Uku ya ci garin, ginin ya zama majami'ar Kirista. Cikin 1523 aka fara wani babban gini na ibadarsu a tsakiyarsa, hasumiyar kiran salla kuma aka lulluɓe ta da benen ƙararrawa. Ba a yardar wa Musulmi su yi salla a ciki ba.

Suna nan tsaye azahar ta yi. Malam ya dubi mihrabi, ya gyara rawani, ƙafarsa ta fara neman fita daga takalmi. Ɗan ya kama hannun rigarsa, ya ce a hankali, "Baba, ka tuna abin da na gaya maka a jirgi." Malam ya daɗe bai ce uffan ba. Can ya juya, suka fito farfajiya inda a da a ke alwala, yanzu kuwa itatuwan lemo ne jere. A masauki suka yi sallarsu. Ran nan bai iya cin abincin dare ba.

Kashegari suka tafi Madinatuz Zahra, mil 5 yamma da gari. Fada ce wadda Halifa Abdurrahman na Uku ya fara ginawa wajen 936. Ba ta cika shekara 80 ba aka washe ta, aka ƙone, sa'ad da Musulmin Andalus suka juya wa juna takobi a kan sarauta. Malam ya zaga kango, ya ga ginshiƙai karyayyu. Ya ce wa ɗansa, "Jiya na kwana ina jin haushin baƙi. Ga shi masallacin da ke hannunsu yana tsaye da rufinsa, wannan kuwa masu shi suka rushe da hannunsu."

Da ya komo gida almajirai suka taru yi masa barka da zuwa. Wani daga cikinsu ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ka sami yin salla a masallacin Kurduba?"

Ya ce, "Ban samu ba. Amma ayoyin suna nan a bango, ba wanda ya kankare su, na kuwa karanta su da idona. Ɗauko allonka."